Idan wutar fulogi ta yi rauni a babur ɗin ruwa

Babur ɗin ruwa ba ya cikin injinan da bakaniken Kano yake gani kullum. 'Yan tsirarun da ke gari galibi 'yan Kwatano ne, Yamaha WaveRunner ko Sea-Doo ko Kawasaki Jet Ski, waɗanda suka sha ruwan gishiri a wata ƙasa kafin su iso nan. Masu su kan ɗora su a tirela a nufi Tiga ko Challawa, a yi wasa na yini ɗaya, a dawo a lulluɓe su a gareji wata uku. Wannan zaman da wancan gishirin su ne tushen yawancin matsalar wutarsu. Alamun ba su da wuyar ganewa: sitata na juyawa amma inji ya ƙi kamawa, ko ya tashi lafiya a kan tirela amma da an sa shi a ruwa an murɗa sai ya shaƙe, ko silinda ɗaya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Aka kwance fulogi sai a same shi jiƙe da fetur.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗora fulogin a jikin inji, a danna sitata, a ga ɗan tartsatsi, a ce wuta lafiya lau, a koma kan kafireto. Wannan gwajin yaudara ne. A sarari, iska tana buƙatar wajen bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita 1, don haka bakin fulogi mai tazarar milimita 0.6 ko da koyil (abin da ke ɗaga ƙarfin wutar fulogi) mai mutuwa zai ba shi tartsatsi. A cikin silinda kuwa fistin ya matse iskar ninki takwas ko goma, kuma wannan 'yar tazarar tana iya neman bolt 10,000 ko fiye. Wutar da ta isa a waje ba lalle ta isa a ciki ba. Launi ma ba abin dogaro ba ne sosai. Gaskiya ne shuɗiya mai ƙara ta fi ja ko rawaya, amma a ranar Kano ta ƙarfe ɗaya ko wuta mai kyau ba ka ganinta. Tsawon da take tsallakewa shi ne ma'auni.

Kafin a taɓa komai, a cire kujera a bar cikin jirgin ya sha iska na 'yan mintuna, a sunkuya a shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasan jirgin inda ba ya da mafita, kuma aikin da za ka yi na fitar da tartsatsi ne a daidai wurin. In akwai wari, a nemo yoyon a gyara, a tsane abin da ya zuba, sannan a ci gaba. Abu na biyu: kada a taɓa danna sitata wayar fulogi tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Wutar da ba ta sami hanya ba takan huda cikin koyil ko ta ƙona akwatin CDI, wanda ke tara wuta ya sake ta zuwa koyil. Tsofaffin Sea-Doo suna da 'yan ƙarafa da aka tanada musamman don a soka hulunan fulogi a kansu lokacin gwaji.

Ma'aunin tartsatsi mai tazarar da ake murɗawa shi ne kayan aiki na farko. In ba a samu na saye ba, ana yin sa: guntun roba mai kauri ko busasshen katako, kusoshi biyu masu zare da aka fiƙe bakinsu suna kallon juna, ɗaya a sa masa hular fulogi, ɗaya a ɗaura masa waya zuwa jikin inji. A auna tazarar da rula. Fara da milimita 7. Lafiyayyen CDI yana tsallake wannan kowane zagaye ba fashi, da ƙara tas-tas, kuma littattafan Yamaha na wasu injinan suna neman 9 zuwa 10. A bar fulogan a ɗaure a cikin inji lokacin gwajin, domin in an cire su injin yana juyawa da sauri fiye da yadda zai juya da matsi, sai wutar ta yi kyan ƙarya. A injinan silinda biyu da koyil ɗaya mai wayoyi biyu, wutar tana fita ta waya ɗaya ta dawo ta ɗayar, saboda haka wayar da ba a gwadawa dole ta kasance a kan fulogi ko a haɗe da jikin inji. Wannan kuma yana nufin hula ɗaya da ta lalace tana iya raunana silinda biyun gaba ɗaya.

In wutar ta kasa, a fara da batir, ko da kuwa sitata na juyawa. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Wanda ke nuna 12.2 rabinsa ya tafi. Amma ainihin gwajin shi ne a bar mitar awon lantarki a kan batir ana danna sitata: kada ya faɗi ƙasa da bolt 10. Dalilin ya bambanta da irin injin. Yamaha 701, Kawasaki 650 da 750, da Sea-Doo 587, 657 da 717, wutarsu daga magneto take fitowa, wato maganaɗisun fulawil da koyil ɗin da ke gefensu, kuma ƙarfinta ya dogara da saurin juyawar fulawil, don haka batir mai kasala yana jawo juyi mai kasala da wuta mai kasala. Sea-Doo 787 da 947 kuwa kai tsaye daga batir akwatin wutarsu yake sha, haka ma duk injinan fo-sitirok na zamani. A waɗannan, da ƙarfin batir ya sauka sai wutar ta ragu ko ta ɗauke, alhali sitata na ta gurnani kamar ba komai. Zafin Kano yana cinye batirin da aka ajiye da sauri, shi ya sa wanda ya kwana wata uku ba caji da wuya ya dawo daidai. Yawancin tsofaffin jiragen suna amfani da batir YB16CL-B mai amfiya-awa 19. Kada a yi masa jan wuta daga motar da injinta ke aiki, hanya ce sananniya ta kashe kwamfutar jirgin. A cire shi a yi masa caji a hankali a waje.

Wayoyin batir su ma a gwada su, ba da ido ba. Waya mai kauri takan ruɓe a cikin robarta, waje sumul, ciki kore kamar gansakuka. Sa mita a kan bolt, tsinke ɗaya a kan negatif na batir, ɗaya a jikin inji, a danna sitata. In ta nuna fiye da bolt 0.3, wayar baƙa ko wurin da aka ɗaure ta yana cin wuta. A yi haka ga ja, daga fozitif na batir zuwa kan sitata. Fiye da 0.5 ya yi yawa. A kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam.

Sai fulogi. A nan ake yawan yin kuskure saboda a kasuwar Ƙofar Ruwa ana ɗaukar duk fulogin da ya shiga ramin a ce ai ɗaya ne. Sea-Doo tu-sitirok mai kafireto yana amfani da NGK BR8ES da tazarar milimita 0.5 zuwa 0.6. Yamaha 701 yana amfani da BR8HS, tazara 0.6 zuwa 0.7. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma E zarensa milimita 19 ne, H kuma 12.7. Sa mai dogon zare a inda ake son gajere yana iya sa fistin ya doke shi. Sa gajere a inda ake son dogo kuwa bakin yana ɓuya a cikin rami, wuta ba ta isa ga fetur sosai. Harafin R yana nufin akwai rezisto a ciki, wajen om 5,000 (om shi ne ma'aunin taurin kai ga wuta), wanda ke hana hayaniyar wuta rikita kwamfuta. A auna daga kan fulogin zuwa tsinken tsakiya. In mita ta nuna abin da ya yi nisa da haka, ko ba ta nuna komai ba, a jefar. Jabun fulogi ya yi yawa a kasuwa, kuma wannan awon na minti ɗaya yana tona asirin da yawa daga cikinsu tun a gaban mai shago.

Fulogin da baƙin mai da gawayi suka rufe farin kaskonsa yana zubar da wuta ta gefe maimakon ta tsallaka baki. Ƙona shi da wuta ko kankare shi da waya dabara ce ta fita daga daji, ba gyara ba. A sa sabo. A ɗaura da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin zagaye da sifana, ko wajen Nm 25 ga masu zaren milimita 14 in akwai sifanar awo. In an ga ɗigon ruwa ko toka-toka mai kama da madara a bakinsa, ruwa ya shiga silinda, kuma wannan wata magana ce da ta fi wuta gaggawa: a cire fulogan duka, a haɗa wayoyin da jikin inji, a juya har ruwan ya fita, a tayar da shi a ranar kafin tsatsa ta kama cikin.

Wurin da ya fi kowane cin amanar masu tsofaffin jirage shi ne inda hular fulogi ta haɗu da waya. Hular tana da ɗan kusa mai zare a ciki wanda ake murɗawa cikin tsakiyar wayar. Girgiza da damshi suna cinye siraran wayoyin da ke daidai nan har su zama gari, sai wuta ta riƙa tsallake wani gibi a ɓoye kafin ta kai ga fulogi. Yanke abin da ya ɗaure ta, murɗe hular ta hagu ta fita, ka dubi bakin wayar. In baƙi ne ko kore, yanke milimita 6 zuwa 10 har ka ga ƙarfe mai haske, ka mayar da hular, ka ɗaure da sabon maɗauri. A auna hular ita kaɗai kafin a mayar: mai rezisto tana nuna wajen om 5,000. Wannan aikin bai kai minti goma ba, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Sai dai a kula da tsawon wayar, kada a yi ta yanka har ta kasa kaiwa. Da dare ko a cikin gareji mai duhu, a tayar da injin a dubi wayoyin. Wadda robarta ta tsage za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta zuwa inji. Salatif ba ya riƙe irin wannan wutar. Ɓeraye ma suna son robar waya a jirgin da aka daɗe da ajiyewa, a bi kowace da yatsa.

Makunnin kashewa da igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu suna da nasu halin. A Yamaha tu-sitirok, kashe inji yana nufin makunnin ya haɗa wutar CDI da jikin inji. In ruwa ya shiga makunnin ya yi tsatsa, sai ya riƙa haɗa su rabi-rabi: bai kashe ba, amma yana satar wuta. Gwajin mai sauƙi ne. A nemo mahaɗar wayoyin makunnin, fara da baƙa a yawancin 701, a zare ta, a sake gwada tartsatsi. In wutar ta dawo da ƙarfi, an kama ɓarawon. A buɗe makunnin a wanke, ko a sauya shi. Amma wannan gwaji ne kawai na kan tirela. Muddin mahaɗar tana zare, maɓallin kashewa ba ya aiki, igiyar ma ba ta aiki, kuma jirgin da direbansa ya faɗi zai ci gaba da tafiya shi kaɗai. Sea-Doo masu makullin DESS, wato makullin tsaro da kwamfutar jirgin take ganewa, daban suke: in an sa makullin ya kamata a ji ƙara biyu gajeru. In ba a ji ba, a wanke cikin makullin da kan sandar da yake zama da ruwan sabulu, a busar, kada a shafa musu giris.

Daga nan a buɗe akwatin wuta. Ya kamata cikinsa ya zama a bushe ƙarau. In an ga raɓa, ko farin gari a kan mahaɗai, robar bakin akwatin ta gaji. A zare kowace mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, a fesa mata maganin wanke mahaɗar lantarki, a busar, a shafa ɗan giris na silikon a mayar. A kula musamman da baƙaƙen wayoyin da aka tara a kan kusa ɗaya, domin ta nan koyil da CDI suke komawa jikin inji. A duba fis da mita, don yakan tsage a inda ido ba ya gani.

Yanzu ne za a auna koyil. Ɓangarensa na shiga ƙasa da om 1 yake a injinan CDI, kuma wayoyin mitar kansu suna da wajen 0.2 zuwa 0.4, don haka a fara haɗa tsinkayen biyu a ga abin da suka nuna a cire shi daga lissafi. Ɓangaren fita dubbai ne. A Sea-Doo 717 littafi ya ba da om 9,000 zuwa 15,000 in an cire huluna. Ga wani abu da ake mantawa: alƙaluman littafi an auna su ne a zafin digiri 20. Jan ƙarfe yana ƙara taurin kai ga wuta da wajen kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka a watan Afrilu da gareji ya kai digiri 40, lafiyayyen koyil zai nuna wajen kashi 8 cikin 100 sama da na littafi. Kada a yanke masa hukunci a kan wannan. A ɗaya gefen kuma, koyil yana iya cin jarrabawar mita ya faɗi a aiki, domin batirin mita ba ya iya nuna tsagar da sai wuta mai dubban bolt take bi. Wanda ke aiki da sanyi ya mutu bayan minti goma sha biyar, ya dawo in ya huce, a gwada tartsatsinsa a lokacin da ya mutu ɗin, yana da zafi.

Magneto ba sai an kwance shi ake fara auna shi ba, wayoyinsa suna zuwa har akwatin wuta. Akwai koyil mai cika CDI, akwai ƙaramin da ke gaya masa lokacin sakin wuta, wanda bakanike ke kira falsa, akwai kuma na cajin batir. A Yamaha 701 falsa tana wajen om 14, mai cika CDI kuma ɗaruruwa ne, kuma adadin ya bambanta tsakanin samfurin 61X da 62T. A Sea-Doo 717 mai cika CDI om 40 zuwa 76 ne, falsar 787 kuma 190 zuwa 300. Kowane inji da nasa, a nemi littafin samfurin da shekararsa. Awon da ya fi om faɗin gaskiya shi ne na ƙololuwar bolt lokacin juyi, amma mita ta yau da kullum ba ta kama shi domin wutar tana zuwa ne tsit-tsit. Mai gyaran rediyo a Sabon Gari zai haɗa maka abin da ake buƙata: dayod 1N4007, kafasito na mikrofarad 2.2 mai ɗaukar bolt 400 ko fiye, da rezisto na om miliyan 1 a gefensa don ya sauke shi. Ana karantawa da mita a kan DC. Kada a taɓa bakinsa da hannu bayan gwaji sai ya sauke.

In alƙaluman magneto sun kauce, a buɗe murfin fulawil. Sau da yawa za a tarar da ruwa mai tsatsa kwance a ciki, ko ɓarɓashin ƙarfe daga haƙoran sitata manne da maganaɗisu. Fulawil yana buƙatar abin zaro shi na musamman. Guduma tana raunana maganaɗisun ta kuma lanƙwasa kan kiransha. A dubi ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe fulawil a mazauninsa. In ya yanke, wuta za ta yi kyau a ma'auni amma tana zuwa ba a lokacinta ba, inji ya riƙa harbi ta baya ko ya ƙi tashi sam.

Akwai wata cuta ta Sea-Doo 787 da 947 da ta cancanci a ambata: jirgi ya tashi lafiya amma ya ƙi wuce wajen juyi 3,500 a minti, yana tari kamar mai ya yanke. Sau da yawa rektifaya, mai daidaita wutar cajin batir, ita ce ta lalace tana tura gurɓatacciyar wuta cikin kwamfuta. A zare jar wayarta a naɗe bakin, a gwada. In ya buɗe, ita ce. Lafiyayyiya tana ba batir bolt 13.5 zuwa 14.5 in an ɗaga inji.

Akwatin CDI shi ne na ƙarshe, kuma ba a auna shi da mita a sami amsar kirki. Ana kama shi ne ta hanyar wanke kowa: wuta mai kyau tana shiga daga magneto, falsa na aiki, makunni ba ya sata, koyil da wayoyi lafiya, amma tartsatsi babu. Shi ne mafi tsada, sai an yi odarsa daga Legas ko waje, kuma ba a karɓar kayan wuta in an mayar. Kada a gwada dasa na babur ɗin hawa a wurinsa. Lokacin sakin wutarsu ba ɗaya ba ne, kuma tu-sitirok da wutarsa ta yi gaba da yawa yana huda fistin cikin mintuna.

Injinan fo-sitirok, waɗanda Yamaha da Sea-Doo suka fara fitarwa a 2002, sun fi sauƙi ta wannan fuskar. Kowace silinda da koyil ɗinta a kan fulogi. In ɗaya tana ɗaukewa, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciya. Matsalar ta bi koyil, shi ne, ta tsaya a wurinta, a dubi fulogi ko injekta. A leƙa ramin fulogin kafin a kwance, ruwa yakan taru a ciki ya tsatsar da shi. Sea-Doo 4-TEC yana amfani da DCPR8E, Yamaha VX110 kuma CR9EB, duka da tazarar 0.7 zuwa 0.8. In silindu duka ba wuta lokaci ɗaya, a dubi fis, rile, da na'urar da ke karanta juyin kiransha, a kuma karanta lambar kuskuren da allon gaba ke nunawa.

In tartsatsi ya tsallake milimita 7 ba fashi, sabon fulogi na ciki, inji kuma bai daina shaƙewa ba, a bar wuta ta huta. A auna matsi: Sea-Doo 717 da 787 masu lafiya suna wajen psi 150, 947 wajen 130, kuma bambanci tsakanin silindu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Fetur ɗin da ya kwana wata uku a tanki a zubar da shi.

Tayar da inji a gida ba ruwa kada ya wuce daƙiƙa 15. In da tiyo ne, inji ake fara tayarwa sannan a buɗe famfo, a rufe famfo sannan a kashe inji, in ba haka ba ruwa ya bi ta salansa ya cika silinda. Kuma ko da tiyon, 'yan mintuna kaɗan sun isa. Amma a kan tirela injin ba ya ɗauke da kaya, don haka gwajin ƙarshe sai a bakin dam. A bar jirgin ɗaure a kan tirela, a ja da baya har famfon jet ya nutse a inda ruwa ya kai aƙalla kusan mita 1 don kada ya zuƙi yashi, a murɗa a hankali har sama na 'yan daƙiƙu. Daga nan a sake shi a yi zagaye na minti goma sha biyar kusa da gaɓa, a dawo a kwance fulogan suna da ɗumi. Farin kaskon ya zama launin shayi mai madara a silindu duka. Tiga tana da nisan wajen kilomita 70 daga gari, saboda haka a tafi da fulogi biyu na ajiya, sifanarsu, mita, da ma'aunin tartsatsin a cikin leda mai ɗaurewa.